Kundin rakiyar wanda ya bar Scientology: mako goma na fama da jan komawa

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Yau aka buɗe wannan kundi. Mutumin da ake wa rakiya za mu riƙa ce masa Maƙwabci. Da izininsa ake rubutun, shi ne kuma ya ce a sakaya sunansa. Shekara 11 ya yi a cocin Scientology a Landan, biyu da rabi a matsayin ma'aikaci mai kwantiragi, sauran kuma ɗalibi mai biyan kuɗin darasi. Yau mako uku rabonsa da can. Ba korarsa aka yi ba, bai kuma yi wa kowa sallama ba, ƙafa kawai ya ɗauke. Masu rakiyar mu uku ne: ɗaya ya saba aiki da masu barin shaye-shaye, ɗaya ta san harkar bashi da takardu, na ukun yana da mota da sararin yamma.

Ga wanda bai san ƙungiyar ba: wani marubuci Ba'amurke, L. Ron Hubbard, shi ya kafa ta. Ya fito da tsarin da ya kira Dianetics a 1950, cocin farko ya buɗe a Los Angeles a 1954, a 1959 kuma ya sayi gidan Saint Hill a garin East Grinstead, kudu da Landan, wanda har yau shi ne cibiyarsu a Ingila. Ba su da yawa a nan. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 2,418 a Ingila da Wales da suka ce addininsu ke nan. Jigon aikinsu wani zama ne da suke kira oditin. Mutum yana riƙe da gwangwani biyu da aka jona wa wata na'ura mai allura, E-meter, odita yana jefa masa tambayoyi yana duban allurar yana rubutawa. Ana sayar da zaman ne a dunƙule, awa goma sha biyu da rabi kowane ƙunshi, ana hawa mataki-mataki a kan abin da suke kira Gada.

Matsalar da aka taru a kanta guda ce. Maƙwabci ya ce ya daina yarda da yawancin abin da aka koya masa, amma zuciyarsa tana jansa ya koma, wani lokaci kamar an ɗaura masa igiya a ƙirji. Shi yana ɗaukar jan nan a matsayin shaidar cewa ya yi kuskure. Mu kuma muna zargin yana da lokutansa da dalilansa, kamar na mai barin taba. Aikin makon farko shi ne a gano su.

An saya masa littafin rubutu na aljihu, fam 2. Duk lokacin da jan ya taso zai rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, yana ina, me ya faru minti goma kafin nan, da ƙarfin jan daga 0 zuwa 10. In ya lafa ya sake duba agogo. Kira sau ɗaya kullum da ƙarfe tara na dare, muna karɓa-karɓa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kira kawai. Ya rubuta sau biyar jiya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An zauna a kan littafin. Sau 23 cikin kwana biyar. Goma sha huɗu daga ciki tsakanin ƙarfe shida da rabi da goma na dare ne, wato daidai lokacin da ya saba zama a ɗakin darasi. Biyar sun biyo bayan wasiƙa ko saƙon waya. Sauran huɗun a warwatse suke. Abin da ya fi ba shi mamaki tsawon lokacin ne: mafi daɗewa minti 35, yawanci ba sa wuce 20. Da an tambaye shi kafin ya fara rubutawa cewa zai yi yini guda yake yi a haka.

A kan wannan aka koya masa dabarar da Alan Marlatt, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya tsara don masu barin maye. Ba a kokawa da marmarin, ba a kuma yi masa biyayya. A zauna, a lura da inda yake a jiki (shi a ƙirji da tafin hannu yake jinsa), a bi numfashi, a bar shi ya hau ya sauko da kansa. An ƙara masa doka ɗaya: kada ya yanke wata shawara, kada ya kira kowa daga can, sai bayan minti 40.

Akwai abin da dole mai rakiya ya sani tun yanzu. Koyarwar da kanta ta riga ta tanadi bayanin fitar mutum. Hubbard ya rubuta a ƙarshen 1959 cewa masu tserewa laifuffukan da suka aikata suka ɓoye ne ke korarsu. A ɓangaren karatu kuma ya ce wanda ya bar darasi wata kalma ya tsallake bai fahimce ta ba. Ke nan duk wanda ya fita ya fita da hukuncinsa a aljihu: laifinka ne, maganin kuma yana wurin da ka baro. Sau da yawa abin da Maƙwabci yake kira kewa, in aka tona, neman wanke kai ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar takardu. An zube wasiƙun wata guda a kan tebur: mujallu, tallan darussa, da wasu gajerun wasiƙu da aka rubuta da hannu. Na hannun su suka fi taɓa shi, don suna kiransa da sunan da abokai ke kiransa. An bayyana masa, shi ma ya sani tunda ya yi aikin, cewa rubuta wasiƙa ga tsofaffin ɗalibai aiki ne da ake ƙirgawa duk mako.

Dokar kare bayanai ta Birtaniya, sashe na 21, ta ba kowa 'yancin cewa a daina aiko masa talla, kuma ba a buƙatar ya kawo dalili. Wa'adin amsa wata ɗaya ne, in ba a yi ba akwai ICO, hukumar kare bayanai da ake kai wa ƙara. An rubuta layi huɗu, ba zargi, ba bayani, ba maganar ya bar addini: suna, adireshi, lambar waya, da buƙatar a daina talla ta wasiƙa da waya da imel. An aika ta gidan waya da rajista, an ajiye rasit da kwafi.

Dalilin taƙaita wasiƙar ƙanwarsa ce, tana ciki har yanzu. A jerin manyan laifuffukan da Hubbard ya fitar a 1965 akwai fitowa fili a yi tir da Scientology. Wanda aka ayyana a matsayin mai danniya, wato wanda cocin ke ɗauka abokin gabarsa, mabiya sukan yanke hulɗa da shi. Cocin yana cewa yanke hulɗar zaɓin mutum ne na kansa, tsofaffin mabiya da yawa kuma sun ba da shaidar cewa matsa musu aka yi. Ko wanne ne, ba za mu yi caca da zumuncinsa ba. Babu sanarwa a Facebook, babu hira da kowa.

Wasiƙun da za su ci gaba da zuwa kafin wa'adin, akwai kwali a bayan ƙofa. Ba zai buɗe ba sai ran Asabar, tare da ɗayanmu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yamma ta cika: Litinin da Laraba ninƙaya (katin wata fam 34), Talata wurin rabon abinci ga mabuƙata a unguwa, Asabar da ƙarfe tara na safe gudun kilomita biyar na parkrun, kyauta ne. Alhamis da Juma'a ba a samu komai ba tukuna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An yi gyaran gangar Auzinawa, kuma daga wajenmu kuskuren ya fito.

Da ƙarfe uku ya kira murya na rawa, wai ya faɗa cikin haɗari. Da aka je sai ga takarda manne a jikin firij, ya ja layi da rula, ya ɗiga adadin jan kowace rana, ya haɗa ɗigon da jan biro. Makon nan 26, wancan 24. A ƙasa ya rubuta matakan da zai bi ya fita daga yanayin.

Wanda ya yi aiki a cocin ya san wannan zane. Kowane ma'aikaci yana da adadin da ake auna shi da shi, mako yana rufewa ran Alhamis da ƙarfe biyu na rana, sannan a dubi layin: ya hau ko ya sauka. Gwargwadon karkatarsa ake ba mutum yanayi, daga Ƙarfi da Yalwa zuwa Gaggawa da Haɗari, can ƙasa kuma akwai Shakka, Gaba da Cin Amana, kowanne da matakan da za a bi. Mun ba shi littafi don ya ga jan a fili, shi kuma ya mayar da shi ma'aunin da zai hukunta kansa. Hannu ya koma inda ya saba ba tare da ya ankara ba.

Gyaran da aka yi: an cire takardar, da hannunsa. An daina jimillar mako gaba ɗaya, an daina maki daga 0 zuwa 10. Yanzu abin da zai rubuta jimla ɗaya ce: me nake nema a wannan lokacin? An kuma sa wa Alhamis da rana aiki na dindindin, zai fita cin abinci da wani abokin aikinsa daga ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, don kada ƙarfe biyu ta same shi shi kaɗai yana duban agogo. Da mun yi tunani da kyau da tun farko ba a ba tsohon ma'aikaci abin ƙirgawa ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Jimlolin sun fi lambobin amfani. Abin da ya fi maimaituwa: "wanda zai saurare ni bai katse ni ba." Sai "in san me zan yi gobe." Sai "in ji ina da amfani." Ko sau ɗaya bai rubuta wani abu na aƙida ba. Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka, kuma ga shi a rubuce.

Na farkon shi ne babba. A zaman oditin mutum yana samun awa biyu ko uku wani yana kallonsa ido cikin ido, ba ya gardama, ba ya fassara masa maganarsa, don ƙa'idar odita ta hana. Mutane ƙalilan ne ke samun irin wannan sauraro a rayuwarsu, kuma daɗin da ake ji gaskiya ne. Kuskure ne mai rakiya ya ce masa duk ƙarya ce. Abin da za a raba masa shi ne sauraron daban, na'urar daban. E-meter yana auna yadda fata ke barin ƙaramin lantarki ya wuce ne, gumi da matsin hannu suna motsa allurar. A 1971 wata kotun tarayya a Amurka ta yi umarnin a manna masa gargaɗin cewa ba na gano cuta ko warkar da ita ba ne.

A kanti yau ya ɗauki gwangwanin wake biyu, ɗaya a kowane hannu, sai ya tsaya cak tsakanin kantoci, kafaɗunsa suka sauka, idonsa ya kafe wuri guda. Kusan minti ɗaya. Margaret Singer, wadda ta daɗe tana aiki da masu fita daga irin waɗannan ƙungiyoyi, ta bayyana wannan shawagin hankali, inda wani ƙaramin abu ke mayar da mutum yanayin da ya saba shiga a can. Maganinsa nan take: a kira sunansa, a sa ya ajiye abin, ya faɗi ranar yau da abu biyar da yake gani.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Bashi. Katin bashi uku, akasari kuɗin darussa da littattafai. An kira StepChange, ƙungiyar agaji mai taimakon masu bashi, shawararsu kyauta ce. Za su duba ko ya cancanci tsarin sararin numfashi na kwana 60 da ake da shi a Ingila da Wales tun 2021, wanda ke tsayar da kuɗin ruwa da matsin masu bin bashi na wannan lokaci.

Yana da ragowar kuɗin da ya biya tun gaba bai yi darasinsu ba. Kuɗin nan ƙugiya ce mai kai biyu: in ya bar su, zuciya tana ce masa je ka ƙarasa tunda ka riga ka biya, in ya nemi a mayar masa, a tsarin cocin hakan yana rufe masa ƙofar hidima, yana kuma iya shafar maganar ƙanwarsa. An ajiye batun zuwa watan Mayu.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Mafi munin mako zuwa yanzu.

Ran Talata ɗayanmu, da kyakkyawar niyya, ya tura masa ta waya bayanin mataki na uku na manyan matakan sirri, wanda ya fito fili ta takardun kotu a Amurka, jaridar Los Angeles Times ta buga taƙaitawarsa tun 1985. Tunaninsa shi ne in Maƙwabci ya ga abin da ke saman Gadar zai yi dariya ya huta. Abin da bai lissafa ba shi ne Hubbard ya yi gargaɗin cewa wanda ya ga wannan bayani bai kai matsayinsa ba zai iya kamuwa da ciwon huhu har ya mutu. Maƙwabci bai kai can ba, amma shekara 11 yana jin gargaɗin. Ya karanta rabi ya rufe. Ran Alhamis ya tashi da mura da tari, a watan Fabrairu, a Landan, inda rabin jirgin ƙasa ke tari.

Ga kuma koyarwa ta biyu da ta hau kan ta farko: cewa rashin lafiya da haɗurra suna zuwa ne daga alaƙa da mai danniya. Su waye sabbin mutanen da ke kewaye da shi? Mu. Bai ɗauki kiran dare ba. Da safiyar yau ya hau jirgi ya sauka a tashar Blackfriars, 'yan taku kaɗan daga ginin cocin da ke titin Queen Victoria. Ya zauna a benci cikin tashar da zazzaɓi a jikinsa. Abin da ya riƙe shi, in ji shi, dokar minti 40 ce: ya ce bari ya cika ta don kada a ce bai gwada ba. A minti na talatin da wani abu ya turo saƙo: "Ina Blackfriars."

Wanda ya je ɗauko shi an ja masa kunne tun a waya: kada ya yi gardama, kada ya ce me ya kawo ka nan, kada ya tare masa hanya in ya ce zai shiga. Babban mutum ne, ƙafarsa ce. An kai masa shayi a kofin takarda, an zauna gefensa. Da ya yi magana sai ya ce Mike Rinder, tsohon kakakin cocin da ya fita a 2007, ai ga shi ciwon daji ya kashe shi a watan Janairu. Amsar da aka ba shi ɗaya ce, ba a ƙara ba: Hubbard ma bugun jini ne ya kashe shi a 1986 yana da shekara 74. Ya yi shiru, ya shanye shayin, aka wuce kantin magani. Farasitamol da maganin tari, fam 6.

Sabuwar ƙa'ida: babu wanda zai sake tura masa wani abu game da cocin. In yana son karantawa shi zai nema, da rana, ba a kan gado ba, kuma ba ya wuce minti 30.

Lahadi, 2 ga Maris

Zazzaɓi ya sauka. An sa ya rubuta a littafin ranar da murar ta fara da ranar da ta tafi, da sunan abokan aikinsa da suka yi irinta a makon. Huɗu ne, ba wanda ya karanta komai a cikinsu.

Azumi ya kama, don haka kiran dare ya koma ƙarfe biyar na yamma, Juma'a kuma zai riƙa zuwa buɗa-baki. An yi magana da mutanen gidan da zai riƙa zuwa tun kafin ya zo: a ba shi ƙosai da kunu, a yi hira, amma ba wa'azi. Wasu ba su ji daɗin wannan ba, sun ga kamar an bar lada a ƙasa. Ra'ayinmu bai canza ba. Mutumin da ya yi shekara 11 duk wanda ya yi masa murmushi yana da abin da zai sayar masa, yana buƙatar ya ci tuwon da ba a biyo shi da komai ba. In wata rana ya yi tambaya da kansa, wannan daban.

Alhamis, 6 ga Maris

Zama na farko da mai ba da shawara, fam 60, minti 50. Bai yi daɗi ba.

Kai shi ma sai da aka sha fama. Cocin yana ɗaukar likitancin ƙwaƙwalwa a matsayin babban abokin gaba, tun 1969 yana da ƙungiya ta musamman mai yaƙi da shi, don haka a kunnen Maƙwabci duk mai wannan aiki mugu ne. An bayyana masa cewa wannan ba likita ba ce, ba ta rubuta magani, kuma yana iya tashi ya fita duk lokacin da ya so.

Abu uku suka ɓata zaman. Ta ɗauki biro tana rubutu, shi kuma ya tuna fayil-fayil ɗin da ake tara duk abin da mutum ya faɗa a oditin, sai ya kama bakinsa. Ta ce masa "kamar dai kana jin haushi," shi kuma a tarbiyyarsa fassara wa mutum zuciyarsa babban laifi ne ga mai sauraro. Na uku ya fi: agogo ya cika ta ce sai wani mako, alhali yana tsakiyar ɓacin rai. A oditin ba a tashi sai an kai inda mutum ya ji sauƙi, fuska ta washe, allura tana lilo a hankali. Ya fito yana cewa ba ta iya aiki ba, su can sun fi ta. Jan ya yi ƙarfi a daren, ya kai kusan awa guda.

Ba laifinta ba ne kacokan, ba ta taɓa aiki da irinsa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Za a nemi wani daga rajistar BACP, ƙungiyar ƙwararrun masu ba da shawara ta Birtaniya, a yi masa tambaya uku ta waya kafin a biya ko kwabo: ya taɓa aiki da wanda ya fita daga ƙungiya mai tsananin iko da mabiyanta? Me yake rubutawa, wa ke gani, yaushe ake gogewa? Zai yarda a ware minti goma na ƙarshe don saukowa? An kuma cika masa fom na maganin zantawa na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, wanda kyauta ne kuma mutum na iya kai kansa, sai dai akwai layi.

Litinin, 10 ga Maris

Amsar wasiƙar 11 ga Fabrairu ta zo, sun ce an cire shi daga jerin talla. Saƙon tsofaffin abokai ba ya cikin wannan, kuma ba ma son ya toshe su duka. An tsara masa amsa ɗaya da zai riƙa turawa: yana lafiya, yana hutu, zai neme su in ya shirya. Ba ya amsa tambaya ta biyu.

Alhamis, 13 ga Maris

Ranar haihuwar Hubbard, babban biki ne a wurinsu, ga shi ta faɗo ran Alhamis. An shirya mata tun mako guda: ya ɗauki hutun aiki, an bar wayarsa a gida, an tafi Brighton da mota, an dawo bayan magariba. Mai da abinci fam 48. Jan ya zo sau biyu, gajeru. Saƙon gayyata uku ya tarar, ya tura amsar nan tasa.

Asabar, 15 ga Maris

Aikin harshe. Har yanzu in ya yi hamma yana karatu sai ya koma baya neman kalmar da bai gane ba, don an koya masa hamma alamar hakan ce. Labari mara daɗi yana da sunansa a can, wanda ba ɗan coci ba yana da nasa, shakka ma tana da nata. Robert Lifton, likitan da ya yi nazarin sauya tunanin fursunoni a Sin, ya lissafa irin wannan harshe cikin alamomi takwas da ya bayyana a 1961: kalma ɗaya ta rufe tunanin da ya kamata a yi shi da jimla goma.

Dabarar mai sauƙi ce. In kalmar can ta fito daga bakinsa, ba a gyara masa, sai a ce: faɗa mini da Turancin kasuwa. Yau ya kira maigidansa na wurin aiki da sunan mai danniya. Da aka ce ya fassara, sai ya zama mutumin ya canza masa ranar hutu bai gaya masa ba. Wannan ana iya zuwa a yi magana a kai, kuma ya ce zai je ran Litinin.

Alhamis, 20 ga Maris

Sabon mai ba da shawara, fam 55. Ya amsa tambayoyin uku, ba ya rubutu a gabansa. Za a ci gaba duk mako biyu saboda kuɗi.

Laraba, 26 ga Maris

Wata sabuwa. Ya gano a intanet akwai masu yin oditin a wajen coci, tsofaffin mabiya da suka rabu da shugabancin David Miscavige, wanda ya gaji Hubbard, amma suka riƙe koyarwar Hubbard. Sun daɗe, tun farkon shekarun 1980 ake da su. Ya samu wani mai yi da araha, ya zo da murna, wai ga hanyar da zai samu zaman ba tare da ya koma ba.

Mun rabu biyu a kai. Ɗayanmu yana ganin an gudu ba a tsira ba ne: gwangwanin nan dai, tambayoyin nan dai, da koyarwar cewa damuwarka laifinka ce. Ɗaya kuma ta ce mutane da yawa ta nan suka bi suka fita a hankali, kuma in muka hana shi mun zama irin waɗanda ya baro. Ita ta fi gaskiya a kan maganar hani. Sai dai in cocin ya ji ya je wurin irin waɗannan, a ƙa'idarsu babban laifi ne, maganar ƙanwarsa ta dawo ke nan. An shimfiɗa masa duka, shi ya zaɓi ya jira kwana 90, ya rubuta 24 ga Yuni a bangon littafinsa. In ranar ta zo yana so, shi ya sani.

Litinin, 31 ga Maris

An sha Sallah, an kai masa abinci. An ƙara awa ɗaya a agogo jiya, yamma ta yi tsawo, ya ce fita ta fi sauƙi.

Asabar, 5 ga Afrilu

StepChange sun kammala tsarin biya, kati ukun sun koma biya ɗaya a wata gwargwadon abin da zai iya. Ya ce tun da aka yi wannan bai sake mafarkin yana zaune gaban mai karɓar kuɗin darasi ba.

A wurin rabon abinci an ba shi riƙon rajistar kaya. An lura ya fara zama har sha ɗaya na dare yana gyara ta, yana kuma jin haushin masu zuwa a makare. An tuna masa aikin awa uku ne a mako, duniya ba ta rataye a kansa ba. Ya yi dariya, amma za a sa ido.

Asabar, 12 ga Afrilu

An karanta littafin daga farko. Makon nan sau huɗu ya rubuta, uku daga ciki a kan ƙanwarsa ne. Na yamma sun kusa ɓacewa. Jan bai mutu ba, kuma mun gaya masa kada ya sa ran zai mutu nan kusa. Tsofaffin mabiya sukan ce yana leƙowa bayan shekaru, musamman lokacin rashin lafiya, rasuwa ko rasa aiki. An rubuta waɗannan ukun a shafin ƙarshe tare da lambobinmu da ta Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin damuwa ta waya, 116 123, don tsakar dare.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, ban da bashinsa: fam 2 littafi, 102 ninƙaya wata uku, 170 zama uku na shawara, 48 tafiya, 6 magani, da kuɗin rajistar wasiƙa.

Zango na gaba: kira ya koma sau uku a mako, Litinin, Alhamis da Asabar. Ranar 9 ga Mayu bikin fitowar Dianetics ne, Juma'a ce, za a shirya mata kamar ta Maris amma wannan karon da wayarsa a aljihu. Maganar ragowar kuɗi za a kai wa Citizens Advice, ofishin ba jama'a shawara kyauta, a mako na biyu na Mayu kafin a rubuta komai. Ƙanwarsa tana da ranar haihuwa a ƙarshen wata. Zai aika kati ta gidan waya, gaisuwa da hoton su biyu suna yara, ba kalma ɗaya a kan coci. Ya sayi katin yau, fam 3, bai rubuta ba tukuna.